Zaren Ruwa a Rijiyar Maman Bitrus

Ku da kuke zama a bencin ƙofar gidana da la'asar kuna cewa haƙar rijiya aikin ƙato ne kawai, a ba shi diga a nuna masa ƙasa, ku matso ku ji. Ni Sale, shekara arba'in da wani abu na yi ina shiga rami ina fitowa, daga nan Jos har Damagaram, har Ngaundare, har ƙasar Yarbawa. Ƙarfi kam ana buƙatarsa, amma jaki ma yana da shi. Abin da ake kiran mai haƙa dominsa shi ne ya dubi ɗan siririn ruwa a jikin dutse ya faɗi ko zuwa yake yi ko tafiya. Zan ba ku labarin rijiya ɗaya, ta Maman Bitrus a Anguwan Rukuba, wadda saura kwana huɗu a cike ta da jar ƙasa aka kira ni.

Maman Bitrus kunun zaƙi take yi tana sayarwa a bakin titi tun kafin mijinta ya rasu. Gidanta yana can saman duwatsu, inda bututu bai kai ba, masu tura ruwa a kura kuma ba sa son hawan. Wanda ya san kunu ya san yadda yake cin ruwa: jiƙo, wanki, tata, dahuwa, wanke robobi. Da jarka take hawowa da shi, gwiwoyinta kuwa sun fara ƙi. Ta sa wani ya haƙa mata rijiya a tsakar gida, ya yi gaba bakwai ya ci karo da dutse, ya ga ruwa siriri yana sauka daga wata tsaga, ya ce zai je ya wasa kayan aiki. Shekara guda ke nan yana wasawa. Aka rufe ramin da tsohon kwanon rufi aka danne da duwatsu. Da babban ɗanta Bitrus ya zo hutu daga Abuja, ya tarar da ƙaramar 'yarsa tana ɗaga gefen kwanon tana leƙawa. Ya ɗauko wani abokinsa injiniya, aka zura fitila, aka rubuta rabin shafi da Turanci, shi kuma ya biya tifar jar ƙasa ta zo ranar Asabar.

Ranar Talata na isa. Bitrus ya tare ni da ladabi, irin ladabin wanda ya riga ya gama shawara.

"Baba, sannu da hawan dutse. Mama ce ta matsa a kira ka, amma magana ta ƙare. Ga takardar injiniya."

"Karanta min."

Ya karanta. Ina jin Turanci, a bakin fomanoni na koye shi, kuma duk takardar a kan kalma ɗaya ta tsaya: ruwan da ke ramin, in ji injiniya, "trickle" ne kawai. Na tambayi Bitrus ma'anarta da gangan, don in ji abin da ya fahimta. Ya zaro waya ya latsa.

"Ruwa ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, siriri. Ga 'yan'uwanta ma an jera: drip, dribble, seep, ooze, leak. Duk abu ɗaya ne, Baba. A taƙaice babu ruwa."

"Duk abu ɗaya?"

"Haka aka rubuta."

"Kai da ƙannenka uwa ɗaya uba ɗaya. In mamanka tana son a sauke mata tukunya daga wuta, duk wanda ta kira ɗaya ne?"

Maman Bitrus tana tata a gefe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wannan? Ko shayi bai iya saukewa ba. Baba Sale, ka shiga ka duba min. In ka ce a cike, da hannuna zan fara zuba ƙasar."

Injiniyan bai yi ƙarya ba, kalmarsa kuma ba ta da laifi. Na san ta tun ina saurayi. Bature yana faɗinta ga ruwan da ke sauka kamar zare ba ya yankewa, yana faɗinta ga zufa a wuya da jini daga ƙaramin yanka. A Ibadan na ji wani foman yana faɗinta ga leburori, don suna shigowa wurin aiki ɗai-ɗai bayan an buga ƙarfe. Amma kalma ce ta mai kallo daga sama. Tana gaya maka kamannin ruwa, ba ta gaya maka inda ya fito ba, balle ranar da zai ƙare. Mu da muke ƙasa ba mu da wannan hutun. A gindin rijiya ɗiga daban take: ɗigo ya faɗo, a jira, wani ya faɗo, kuma yawanci daga sama ne, daga saiwar bishiya. Naso daban: bango ya yi duhu, ka shafa ka ji danshi, amma ba ka ga motsi ba. Yoyo na abin da ya kamata ya riƙe ruwa ne ya kasa, kamar kwanon rufi ko bokiti, don haka in ka ga yoyo a rijiya ka shinshina, wataƙila kwatar maƙwabta ce ko masai. Sai manyan guda biyu, waɗanda ido ba ya raba su. Tsiyaya ruwa ne da ya taru a wani aljihun dutse tun damina yana zubowa, kamar yadda mace ke karkata ƙwarya ta tsiyaye ruwan gero; ranar da aljihun ya ƙare, shi ke nan. Tsattsafowa kuwa ruwa ne da ake turowa daga baya, daga nesa, ka share ya dawo, ka sake sharewa ya dawo. Duka biyun injiniya zai rubuta musu kalma ɗaya kuma bai yi kuskure ba. Amma ɗaya bankwana yake yi.

Duk ƙasar da na haƙa, masu rami sun raba waɗannan ko da masu takarda ba su raba ba. Bayarabe yakan ce "omi n kan" in ruwa ɗiga yake, ya ce "omi n sun" in daga ƙasa yake tsattsafowa, kuma ba za ka taɓa ruɗa masa su ba. Fulanin Ngaundare suna da "seeɓoore", wurin da ruwa ke fitowa da kansa, makiyayi kuma zai wuce kududdufi uku cike da ruwa don ya kai shanunsa can. A Nijar ma'aikata suna rubuta "suinter" da Faransanci, wato naso, amma tsofaffin da ke riƙe igiya ba sa duba takardar, hannu suke sawa. Yanzu an zo zamanin da za a jera wa yaro kalma shida a waya ya ce duk ɗaya ne, har ya biya tifa.

Ranar Laraba da hantsi muka zo da kaya, ni da Audu, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe min igiya. Ku da kuke ganin kayan aikin nan banza, ku duba su da kyau. Digar rijiya ƙotarta gajeruwa ce, don in ka shiga da irin ta gona, ɗagawar farko bangon bayanka za ka sara. Akwai dagi, akwai guduma, akwai cizal uku na fasa dutse da maƙeri ya ƙera min daga sifirin babbar mota, don na kanti a dutsen Jos lanƙwashewa suke kamar alewa. Igiya kuwa taki-taki nake bin ta da hannu kowace safiya, ko da jiya na saye ta. Kafin mutum ya shiga, kyandir ke shiga. In ya mutu a hanya, babu mai sauka sai an ɗaure damin ganye an yi ta zura shi ana jawowa har iska ta canja. Kuma igiya ba a ba da ita ga wanda kuka yi faɗa da shi jiya, ko wanda waya ke ƙara a aljihunsa. Audu ba ya magana da kowa in ina ƙasa. Ko mahaifinsa ne ya yi sallama, da kai zai amsa.

Muka kwashe tsohon ruwan da ya kwanta, baƙi mai wari, da mataccen ƙadangare da takalmin yaro wari ɗaya. Da gindin ya bushe na ga abin da ake gardama a kai: a bangon gabas, daidai ƙirjina, zare ne mai kaurin tsinken ashana, yana sauka garau ba yankewa. Kyakkyawa ne, ba ƙarya. Na kwaɓa yumɓu na yi masa ɗan leɓe a ƙarƙashin tsagar, na soka ganyen mangwaro ya zama indararo, na tara gwangwanin madarar gari, na ciro carbi.

Wannan awon daga ubangidana Malam Tanko na gaje shi. Ni a ramukan kuza na fara, wajen Bukuru, inda ruwa abokin gaba ne, in ya fito sai a zage shi a nemi hanyar kore shi. Malam Tanko ya ɗauke ni ya ce zai koya min neman abin da na saba gudu. Shekara biyu ina sama ina jan guga bai bar ni na sauka ba. Ranar da ya bar ni, bai ba ni diga ba, gwangwani ya ba ni. Ba shi da agogo. Sai ka tara gwangwanin, ka riƙa jan carbi, Subhanallah ɗaya ƙwaya ɗaya, ba sauri ba nawa, har ya cika. Yakan ce ka sami lada ka sami awo. Kuma sau ɗaya ba awo ba ne. Sai an kwashe rijiyar tas, an auna a lokaci ɗaya, kwana uku a jere. In lissafin carbin yana ƙaruwa, gwangwani yana daɗewa bai cika ba ke nan, tsiyaya ce. In ya tsaya wuri ɗaya, idon ruwa ne. Yakan ce ruwa baƙo ne, a ranar da ya sauka kowane baƙo mutumin kirki ne.

Ranar Laraba gwangwanin ya cika a ɗari da goma sha biyu. Da na fito Maman Bitrus ta tsare ni da ido.

"Yaya?"

"Sai jibi."

"Na ji ka kana ta Subhanallah a ciki. In abin ya kai ga addu'a ka gaya min, in kira matan zumuntar cocinmu su taya ka."

"Ki bar su tukuna, kada su tsorata ruwan."

Bitrus ya ce, "Baba, ai akwai agogo a waya, har da rabin daƙiƙa yana nunawa. Me ya sa sai carbi?"

Na ce masa agogonsa ya fi nawa daidai, ban musa ba. Ya zauna a bakin rami gobe, in na ce "fara" ya latsa, in na ce "tsaya" ya latsa, sai mu ga ko za mu saɓa. Ya yarda, don yana son ya kama ni.

Ranar Alhamis ɗari da talatin. Bitrus ya rubuta abin da agogonsa ya nuna, ya tambaye ni lissafin jiya na gaya masa. Can sai na ji yana waya da direban tifa yana kwatanta masa kwanar da zai shigo.

In kuna mamakin abin da ya hana ni murna tun ranar farko, to ku ji shekarar da na ci ƙasa. Na dawo daga Damagaram, inda na haƙa rijiyoyi masu gaba ashirin a cikin yashi, kaina ya kumbura. Malam Tanko ya rasu, babu mai tsawata min. Ƙarshen damina aka ba ni aiki a Anguwan Rogo, gida shida a layi ɗaya. Ko'ina na sara, gaba huɗu, gaba biyar, sai ruwa ya kwararo ta kowane gefe har yana kora ni waje. Wa zai tsaya tara gwangwani ga ruwan da ke kai masa gwiwa? Na jera kwalbatocin siminti masu riƙe bango, na rufe, aka yi ta sa min albarka. Ashe ƙasa ce ta sha ta ƙoshi take amayarwa. Kafin azumin shekarar, wanda ya faɗo cikin tsakiyar rani, duka shidan sun ƙafe, ɗaya bayan ɗaya, kamar an yi musu kiran sallah. Matan layin suka riƙa aiko 'ya'yansu su bi ta ƙofar gidanmu da bokitai wayam suna kaɗawa. Aka sa min suna Sale Rijiyar Damina. Na koma na ƙara wa kowacce zurfi da bakin azumi, a ƙarƙashin kwalbatocin da na riga na jera, aikin da ya fi sabuwar haƙa haɗari sau uku. Duk da haka shekara biyu babu wanda ya kira ni ko yasar rijiya, abin da ya kai ni Ngaundare ke nan. Har yau akwai wata tsohuwa a layin da in ta gan ni sai ta tambaye ni ko an fara hadari.

Ranar Juma'a na shiga da wuri don in sami masallaci. Ɗari da hamsin da biyar, agogon Bitrus ma ya nuna an fi jiya daɗewa. Zaren ya koma kaurin gashin wutsiyar doki, har ya fara yankewa yana zama ɗiga. Babu sauran gardama a kansa.

Amma tun ranar Alhamis akwai abin da diddigena ya gaya min. A ɗaya gefen, can ƙasa inda bango ya haɗu da gindi, akwai wani tabo mai duhu, faɗin tafin hannu. Ba zare, ba ɗigo, fitilar injiniya daga sama ba za ta taɓa ganinsa ba. Na sa Audu ya sauko min da toka busasshiya daga murhun kunu. Na goge wurin da tsumma har ya yi fari, na barbaɗa tokar, na tsuguna. In danshi daga sama yake gangarowa, toka daga gefen sama take fara baƙi. Wannan daga tsakiya ta fara, tana buɗewa kamar ido. Na goge na sake, sau uku, haka. Na kara kuncina a jikin dutsen. Ruwan da ya kwana kusa da sama a Jos sanyi gare shi har cikin haƙori. Wannan da ɗan ɗumi, kamar wurin da akuya ta tashi.

Na fito na same su biyun a tsaye.

"Maman Bitrus, wancan ruwan da kika shekara kina sa rai a kansa mutuwa yake yi. Ko wata ɗaya ba zai ƙara ba. Ɗanki da abokinsa sun yi gaskiya."

Ta ajiye matatar da ke hannunta a hankali. Bitrus, in ba shi haƙƙinsa, bai yi murmushi ba.

"Amma akwai naso a gefen yamma, kuma daga ciki ake turo shi."

"Naso," in ji Bitrus. "Baba, wanda ake gani da ido ka ce mutuwa yake. Yanzu wanda ba a gani za mu bi?"

"Shi ne."

"Ka tabbata akwai ruwa?"

"Ban tabbata ba. Dutse ne. Zai iya zama kamu biyu, zai iya zama gaba biyu, zai iya zama in farfasa har hannuna ya mutu in sami danshi kawai. Sati biyu nake so."

"Ka ji ko, Mama? Shi kansa bai sani ba. Ni kuma da idona na ga yarinya a bakin ramin nan."

Nan kam ya fi ni hujja, kuma na gaya masa. Na ce ya kira mai walda yau ɗin nan a yi murfin ƙarfe da kwaɗo, makulli ɗaya a wuyan mamansa ɗaya a aljihuna. Ya ce murfi za a yi, amma tifa an biya, gobe tana tafe. Na tattara kayana na tafi masallaci raina a ɓace, ba da shi ba, da wannan sana'a da in ka faɗi gaskiya sai ka zama kamar wanda bai san aikinsa ba. Da na ce masa "na rantse akwai ruwa", da ya janye. Haka wanda ya tafi wasa kayan aiki ya ce musu.

Ranar Asabar na hawo don in kwashe sauran igiyoyina, na tarar da tifa ta shigo da baya har bakin gidan, da leburori uku da baro. Ƙofar gidan guda ɗaya ce, kunkuntar. A tsakiyarta Maman Bitrus ta kafa murhu, duwatsu uku, ta ɗora babbar tukunyar kunu tana tafasa, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune da muciya a hannu.

Direban ya leƙo ta taga. "Mama, ni ba ruwana da rigimarku. A nuna min inda zan juye, ina da wani lodi."

"Juye a kan wanda ya aiko ka."

Bitrus ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Mama, kina ba ni kunya a gaban mutane."

"Kunya? Ka taɓa hawo dutsen nan da jarka biyu, ɗaya a ka ɗaya a hannu, kana tsayawa sau huɗu kana yi kamar gaisawa kake da mutane don kada a ce ka gaji? Na ce in Baba Sale ya ce a cike zan cike. Ya ce a cike?"

"Bai ce akwai ruwa ba."

"Ya ce a cike?"

Bitrus ya juya ya dubi tifar. Ɗaya daga cikin leburorin ya tambaya ko kunun na sayarwa ne. Direban ya danna ham. A ƙarshe Bitrus ya ce sati biyu, ba ƙarin ko yini, kuma ƙasar a nan za ta zauna tana jira. Aka juye ta a bakin layi, ta tare rabin hanya, masu Keke suna wucewa suna zaginmu.

Fasa dutse a gindin rijiya ba irin wanda kuke gani a bakin hanya ba ne. A tsugune kake, gwiwa a haɓa, guduma ba ta da wurin lilo, kowane bugu kuma sai ya dawo maka ta kunne. Wasu suna tara tsofaffin tayoyi su cinna wuta su kwara ruwa dutsen ya tsage. Na ƙi, don wuta ba ta san inda kake so ta tsaga ba, tana iya rufe maka hanyar da kake bi. Cizal kawai. Aikin yini guda bai wuce kwanon kankare biyu na ɓaraguzai ba. Kullum da yamma Audu yana kai cizal wurin maƙeri. Kwana biyar, naso. Kwana takwas, naso, sai dai ya kai faɗin faranti. Tsohon zaren na gabas ya ɗauke gaba ɗaya, ya bar farin layi a jikin dutse. Rana ta tara Audu, wanda ba ya magana, ya ce, "Oga, ko mu faɗa mata?" Na ce me za mu faɗa mata da ba mu faɗa ba? Maman Bitrus kuma ta daina tambaya, sai dai ta zuro min kunu a cikin guga. Wannan ya fi tambayar nauyi.

Rana ta goma sha ɗaya muryar cizal ta canja. Da "ƙyal" yake yi, sai ya koma "dub". Ya nutse yatsa biyu a bugu ɗaya. Na zaro shi da rawayan yashi a bakinsa, ruɓaɓɓen dutse ke nan, jijiya ce a tsakanin lafiyayyu biyu. Na sa yatsa na yasa. Ruwa ya biyo, da farko ja, sannan fari kamar tsari, sannan garau. Babu ɓulɓula, babu feshi, babu abin da za a kira maƙwabta su gani. Zare ne. Na yi masa leɓen yumɓu na tara gwangwani: ɗari da arba'in. Ban gaya wa kowa ba, na ce wa Audu ya rufe bakinsa. Washegari muka kwashe tas, ɗari da arba'in. Rana ta uku, saura kwana ɗaya sati biyun ya cika, ɗari da talatin da takwas.

A ranar Bitrus ya dawo daga Abuja, inda ya koma bayan an juye ƙasar. Ya durƙusa a bakin ramin ya haska babbar fitila, ya daɗe yana nema kafin ya gano shi.

"Wannan ne? Baba, ai ko na farkon bai kai ba."

Wallahi da ba don girman mahaifiyarsa ba, da na zura shi da igiya ya kwana a ciki. Na ce ya haska gabas ya nuna min na farkon. Na ce ya zauna da wayarsa ya lissafa: gwangwani ɗaya a carbi ɗaya da rabi, ba dare ba rana, ba Lahadi ba Juma'a, a watan da ko ciyawa babu a kan duwatsu. Ya latsa, ya sake latsawa, ya ce zai kai bokiti ashirin da wani abu a yini. Ya dubi mamansa. Ita ta riga ta juya tana tambayar Audu inda ake sayar da guga mai kyau.

Muka ƙara sati muna fafe gindin ya zama kamar tukunya, don ruwan ya sami wurin kwana. Muka jera kwalbatoci a sama inda ƙasa take, aka ɗora murfin ƙarfen. Jar ƙasar kuwa maƙwabta suka kwashe ta da kwano-kwano, kowa ya cike ramin ƙofar gidansa. Na kafa wa Maman Bitrus doka: bokiti goma sha biyu da safe, goma da yamma, tsakani a kulle a bar ta ta huta. Irin wannan rijiya ba ta ƙafewa, amma ba a yi mata gaggawa. Rani uku ke nan ba ta hawo da jarka ba.

Watan jiya na bi ta wurin na tsaya mu gaisa, sai ga wayar Bitrus. Da ya ji ina nan ya ce a ba ni. Ya gaishe ni da kyau, ya ce yana so ya yi wa Mama abin alheri, ta daina jan guga. Ya ga wani injin tsotso ɗan ƙarami, wanda ake jefawa cikin rijiya, da tanki a sama. Wane girma zan ba shi shawara ya saya? Na fara yi masa bayani cewa injin zai shanye ruwan yini guda kafin a gama tafasa shayi, ya ci gaba da tsotsar iska har ya ƙone, ya kuma tayar da yashin da zai toshe jijiyar da na yi kwana goma sha ɗaya ina nema. Ya ce ai ya duba a waya, akwai mai kashe kansa da kansa. Na miƙa wa uwarsa wayar.

Ta goge hannu a zani ta karɓa. "Bitrus, kana ji na? Allah ya yi maka albarka. In kuɗi ne ke ƙaiƙayinka, saya min sabuwar igiya. Amma duk ranar da inji ya shigo gidan nan, kai za mu jefa a ciki, shi ya zauna a falo."